Sammani da Katifar Zurma

A shekarar da ake ta cewa man fetur ya yi wa ƙasa yawa har gwamnati ta rasa inda za ta kai kuɗi, Sammani ya dawo Wagini daga Kaduna a bayan wata motar itace, da akwatin ƙarfe ɗaya da duro ɗaya. Akwatin bai dami kowa ba. Duron ne ya tara jama'a, domin Sammani ya tsaya a kansa yana yi wa masu saukewa tsawa su bi shi a hankali, kuma ya hana kowa ko sansanawa.

Shekara uku ya yi a wani kamfanin katifa, kuma a faɗarsa injiniya ne. Wani mutumin Karare da ya taɓa kai masa ziyara ya ce shi dai tsintsiya ya gani a hannunsa, amma Sammani ya ce ranar mai shara ne bai zo ba. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne an sallame shi ne bayan an kama shi sau uku yana sharar barci a kan kayan kamfani da rana tsaka. Duron kuwa mai sito ne ya ce ya je ya zubar, wai abin da ke ciki kwanansa ya kusa ƙarewa. Sammani bai ga dalilin zubar da arziki ba, sai ya yi masa kuɗin mota.

Da la'asar aka hallara a majalisar ƙofar gidan mai unguwa Daudu, Sammani ya gyara zama ya fara.

"Ku kuna ganin katifar kanti kuna zaton auduga ce a ciki. To ruwa ne. Ruwa biyu ake haɗawa, Lamba Ɗaya da Lamba Biyu. A zuba a akwati, a juya, ya kumbura ya zama soso, a yanka. Lamba Biyu ga shi can na zo da shi. Lamba Ɗaya daga fetur ake yin sa, amma wani Ba'indiye aminina ya faɗa mini da bakinsa cewa man zurma ma yana yi. Ya ce fetur haƙowa ake, wata rana zai ƙare. Zurma kuwa ka shuka bana, ka shuka baɗi."

Ba'indiyen dai ya faɗi haka, gaskiya ne. Sai dai manaja yake faɗa wa, Sammani yana ƙarƙashin tebur yana kwashe shara.

"Wace zurma?" in ji mai unguwa. "Wagga dai da ke hitowa bisa juji?"

"Ita fa, ranka ya daɗe. Kuna zaune kusa da rijiyar mai kuna zuba mata toka."

Yayansa Haliru yana gefe yana gyaran igiyar guga. Shi ke riƙe da gandun gidansu tun rasuwar mahaifinsu, mutum ne da in ya yi magana uku a wuni matansa sai su tambaye shi ko lafiya. A cikin gonakin gandun akwai gonar bakin rafi, wadda ta fi kowace kyau, kuma tsohon ya ce ta Sammani ce duk ranar da ya yi hankali. Shekara goma sha ɗaya Haliru yana jiran ranar. Sammani kuwa ba abin da yake so a duniya kamar gonar nan. Ya gaji da a ce masa ƙanen Haliru, yana da mata da gemu amma hatsin da zai ci sai an buɗe masa rumbu an auna masa.

"Yaya, gonar bakin rafi nake so. Zurma zan shuka."

Haliru ya ƙulle igiyarsa, ya ja ya ga ta ƙullu, sannan ya ɗaga kai.

"Mai unguwa, kai ne shaida. Na ba shi damina guda. In kaka ta wuce munka ga katifa, ko guda ce, gona tashi ce har abada. In ba mu gani ba, shi dawo gandu shi ɗauki hauya bayan ɗiyana, kuma kada in ƙara jin zancen gonar nan a bakinai."

"Guda?" in ji Sammani, yana dariya. "Yaya, kai ma ka fara neman inda za ka ajiye taka."

Ruwa na sauka, kowa ya fita da irin gero da dawa, Sammani ya fita da 'ya'yan zurmar da ya bi jujin Wagini da na Darini yana tsinta. Ya shuke gonar tun daga bakin rafi har iyaka, ko kunyar wake ɗaya bai bari ba. Mutane suka riƙa ratsowa musamman don su gani. Wani Bafillace mai suna Yero ya tsaya da shanunsa a gefen gonar ya daɗe yana kallo, ya ce shekara talatin yana kiwo, yau ne ya ga gonar da ba sai ya kore shanu daga bakinta ba, su da kansu suke kau da kai.

Matarsa Hansai ce kawai ta yi masa tambayar da ta dace.

"Malam, mi za mu ci?"

"Shinkafar Turawa da kifin gwangwani."

"Kahin nan hwa?"

"Kafin nan ki yi haƙuri. Matan manyan injiniyoyi duk haka suka fara."

Zurma dai ta yi kyau, ba a hana ta. Ta wuce tsawon mutum, ganyenta fankama-fankama. Da kaka aka yanko aka baza a tsakar gida, rana na dukanta tana fashewa tas-tas, 'ya'yan suna harbin duk wanda ya gifta, har kaji suka ƙaurace wa gidan sai magariba.

Fitar da mai aikin Hansai ne, kuma nan ba wasa. Shekara ashirin tana man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk Alhamis ana kai mata kasuwar Batsari. An san ta da abu biyu, manta ba ya wari, kuma ba ta taɓa auna wa mutum ko na sisi ba tare da ta ɗora masa gyara ba. Ta soya zurma, ta daka, ta dafa, ta yaɗe man da ya taso. Tunkuzar kuwa, Sammani ya haƙa rami ya binne, domin ya ji Ba'indiye ya ce guba ce, kuma wannan karon kunnensa ya ji daidai. Tuluna suka cika, kwalabe suka cika, aka jera a bakin madafa.

Wata safiya Hansai ta tafi rijiya. Maƙwabciyarta Uwani mai ƙosai tana cikin suya mai ya yanke mata, ta shigo da gudu ta yi sallama ba kowa, ta ɗauki kwalba ɗaya kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Ƙosan ya yi ja, ya yi kyau, an ce ma ranar ya fi ƙarewa da wuri.

Kafin azahar babu namiji mai daraja a unguwar da ake iya gaisawa da shi har ƙarshe. Mutanen da kan tsaya su tambayi gajiya da iyali da dabbobi da labarin ruwa, ranar daga "ina wuni" sai ka ga bayansu, buta a hannu. Da yamma mai unguwa ya sa aka kira Sammani da Uwani, ya zauna a gefen tabarma a ɗosane.

"Ni man Hansai na sani," in ji Uwani. "Wa ya san sun koma tatsar juji?"

"Ranka ya daɗe, wannan ai shaida ce man yana da ƙarfi," in ji Sammani. "A Kaduna sai mutum ya yi layi a asibiti kafin a wanke masa ciki haka."

"Sammani, ni na ce maka cikina na da dauɗa?"

"Ba ka ce ba, amma ga shi an samu."

Mai unguwa ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai ya yi shiru kamar mai sauraren wani abu daga nesa, ya miƙe ya ce a ɗage shari'a. Ba a sake zamanta ba.

Sai gwaji. Sammani ya rufe kansa a ɗaki da ƙwarya, ya zuba man zurma, ya zuba Lamba Biyu, ya juya da muciyar Hansai. Abin bai kumbura ba. Ya daskare ya yi tauri da muciyar tsaye a tsakiya, aka yi aka yi ta ƙi fita. Ya fito da shi ya ce wannan ba kuskure ba ne, roba ce, irin wadda ake bokiti da ita. Hansai ta ce to a ba ta bokitin, a kuma ba ta muciya. Na biyu ya yi danƙo, ya ajiye a rana ya sha iska, zakaran Haliru ya taka. Sai da aka yanka zakaran aka ci, ƙafafun suna nan a ƙwarya.

A na ukun ne ya tuna Ba'indiye yakan tsiyaya ɗan ruwa a wani ƙaramin kofi kafin a haɗa. Ya ɗiga ruwa rabin cokali. Abin ya yi fari, ya yi zafi, ya taso a hankali har ya fi bakin ƙwarya, ya tsaya. Da ya huce Sammani ya danna da yatsa, ya lotsa ya dawo. Soso ne na gaske, girman kabewa. Shi kansa sai da ya tsorata.

Ya zagaye Wagini da shi a kan faifai, yana barin mutane su taɓa da yatsa ɗaya. Haliru ma ya taɓa, ya ce, "Uhm," wanda a wurinsa doguwar magana ce.

To, da Sammani ya tsaya nan ya yi 'yar katifa guda ya kai wa yayansa, da labarin ya ƙare, da gona ta zama tasa. Hansai ta faɗa masa haka sau uku, har da rantsuwa. Amma mutumin da aka taɓa wa soso da yatsa ana salati ba ya jin maganar katifa guda.

"A kamfani ba a yin ɗai-ɗai. Dunƙule ɗaya ake yi, babba, a yanka arba'in. Kuma ba a yi sai da manyan baƙi."

Ya ari keke ya tafi Safana wurin malamin gona, Malam Muntaka. Shi kuwa an dame shi daga sama a kan ya kawo rahoton wani ci gaba da manoman yankinsa suka yi, ga shi abin da yake da shi bai wuce rogo ba. Da ya ga soson a kan faifai, nan take ya sa rana.

Labaran kafinta ya zo daga Batsari ya harhaɗa wani akwatin katako mai murfi, tsawonsa ya kai na mutum biyu. Sammani ya ce a kafa shi a cikin zauren gidansu.

"Don mi ba waje ba?" in ji Haliru.

"Kemikal ba ya son ƙura, ba ya son rana."

"Zauren nan shi kaɗai ne ƙohwar gida."

"Minti goma ne, Yaya. Kafin a sauke tuwo an gama."

Ranar da hantsi duk Wagini ta hallara, har da na Darini da Karare. Aka shimfiɗa wa manya tabarmi a gindin itacen bedi. Malam Muntaka ya iso a kan sabon babur ɗin gwamnati, ya ce rana za ta ɓata masa fenti, aka shigar da shi zaure aka jingine a bango. Mata suna ciki suna tuƙa tuwon baƙi. Sammani ya sha babbar rigarsa ta sallah, ya soke biro biyu a aljihu, ko da yake ba ya rubutu.

Awo ya bar wa Hansai, don hannunta ba ya rawa. Tana tsaye a ƙofar zaure ta ciki, mayafi har goshi, tana aunawa ana miƙawa. Ya ba ta oda, man zurma garwa goma, ruwa ludayi ɗaya a kan kowace garwa. Hansai ta auna ludayi ɗaya cif, sannan hannunta ya koma ƙwarya ya ɗebo rabi ya ɗora. Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta ma san ta yi ba. Haka ta yi sau goma.

Malam Muntaka ya leƙo yana riƙe da littafinsa.

"Injiniya, kaurinta zai kai nawa? Na ga wata a kanti a Katsina, inci shida."

"Inci shida? Wannan ai tabarma ce mai girman kai." Sammani ya waiga ya ga idon jama'a a kansa, ya ɗauki butar da ke gefe ya tuntsura a cikin akwatin. "Tamu sai an sa tsani."

Hansai kuwa ta dubi ruwan da ya rage a ƙwarya, ta dubi baƙon da ya taso tun daga Safana. A ce mutum ya yi wannan tafiya a yi masa awon kowa da kowa? Ta juye sauran.

Aka kwantar da duro, Lamba Biyu ya kwarara, baƙi-baƙi kamar ruwan maɗi. Ƙarti huɗu suka juya da taɓare har Sammani ya ce ya isa. Aka zuba ido. Ba abin da ya motsa. Haliru ya ɗaga kai ya dubi rana, wani daga baya ya yi tari mai kama da dariya, gumi ya karyo wa Sammani.

Sai abin ya yi fari, ya fara tasowa.

"Kun gani? Jama'a, kun gani?" Sammani ya juya wa akwatin baya ya fuskanci taro. "Daga yau ba mai kwana a kan tabarma a ƙasar Batsari. Baɗi Safana. Bayan baɗi Turawa ne za su zo nan koyo, kuma duk wanda ya yi mini dariya na san shi, a ƙarshen layi zai tsaya."

"Injiniya," in ji Labaran kafinta, "ta kawo baki."

"Nan za ta tsaya."

Ba ta tsaya ba. Ta wuce baki da taƙi guda, ta yi tozo, tana huci tana fitar da wani wari mai shaƙe maƙogwaro.

"Ina birkinta?" in ji mai unguwa daga bakin ƙofa.

"Murfi, a kawo murfi."

Aka ɗora murfi, murfi ya tashi. Sammani ya tattare riga ya haye ya zauna a kai, ya harɗe ƙafa, ya ce a kamfani ma haka ake yi. Murfin ya tsaya kamar ya ji magana. Sai katakon gefe ya ce ƙas, ƙusoshi suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, soso ya bulbulo ta ko'ina. Ƙartin nan huɗu suka zubar da taɓare suka yi waje suna tari. Labaran ya bi su. Hansai ta ja da baya cikin gida, kumfa ya biyo ta ya toshe ƙofar.

"Babur ɗina," in ji Malam Muntaka, ya yunƙura zai shiga, aka riƙe shi. Yana kallo kumfa ya ci tayoyi, ya ci sirdi, madubi ne ƙarshen abin da ya gani.

Sammani kuwa yana ta yin sama. Da fari yana ɗaga wa jama'a hannu yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa. Da hularsa ta taɓa azara ya sunkuya. Da ƙeyarsa ta taɓa ya kwanta rub da ciki. Kumfa ya naɗo ta gefen murfi ya kama hannuwan babbar riga, ya kama ƙafar wando. Daga nan ba a ƙara ganinsa ta ƙofa ba, domin ƙofar ma ta cika, soso ya leƙo waje kamu uku, ya yi ɗan rawa, ya tsaya.

Can sama a bangon zauren akwai wata 'yar taga da aka bari don hayaƙi. Nan fuskar Sammani ta bayyana, ba hula, gemu ya yi fari da kumfa.

"Alhamdu lillahi," in ji fuskar. "An samu nasara. Malam Muntaka, rubuta."

"In rubuta me? Babur ɗin gwamnati ne."

"Yana nan lafiya. Ba inda babur ya taɓa samun wurin kwana irin wannan."

Haliru ya tako har gindin bango, ya ɗaga kai.

"Sammani, ina katihwa?"

"Ga ni kwance a kanta, Yaya."

"Mai unguwa, wagga katihwa ce?"

Mai unguwa ya zagaya abin da ya leƙo ta ƙofa, ya danna da sandarsa. "Ni dai katihwar da na sani, ita aka ɗauka a kai ɗaki. Wagga ita ta ɗauki ɗakin."

"Ai ba a yanka ba tukuna," in ji Sammani. "A bar ta ta kwana ta huce. Gobe Labaran ya sa zarto a hankali, arba'in za ta ba da. Kada wanda ya taɓa ta da ƙarfe yau, in aka sara ta lalace." Ya juya ido wajen katanga. "Hansai, ludayi nawa kika zuba?"

"Goma, Malam, yadda ka ce," in ji murya daga cikin gida.

"Goma cif?"

"Goma cif. Sai gyara."

"Wace gyara?"

"Gyara dai. Ai ba a ƙirga ta."

Jama'a suka kwashe da dariya, har da waɗanda ke tari. Sammani ya fara faɗa a kan mata da rashin sanin kimiyya, sai Malam Muntaka ya ce shi dai ya ga wani ya juye buta guda, kuma ba mace ba ce. Faɗan ya tsaya.

Rana ta take. A cikin gida yara na kuka, awaki na son fita, tuwon baƙi ya huce a bayan katanga. A waje an aiko da gatura da fartanyu an jingine. Haliru ya ce ba mai sara sai mai abu ya ce a sara, kada gobe a ce shi ya ɓata wa ƙanensa katifa don ya riƙe gona. Ya samu inuwa ya zauna.

Abin da mutanen ƙasa ba su sani ba, soson yana dafa Sammani. Zafi yake fitarwa tun daga ciki, murfin ya yi kamar kaskon tuya, azara ta danne masa baya, warin yana shiga idonsa. Ya daure har aka kira azahar. Ya ce yana jin daɗi, iska ma ta fi kaɗawa a sama. Aka yi salla aka dawo, maganarsa ta ragu. Ta tagar yana hango kan itatuwan bakin rafi, ya san daidai inda gonar take, kuma ya san in ya kai gobe a nan tasa ce. Ya kuma san ba zai kai goben ba. Tari ya sarƙe shi har fuskarsa ta ɓace daga tagar, ta daɗe ba ta dawo ba.

Haliru ya miƙe tsaye. Daga bayan katanga muryar Hansai ta fito.

"Malam, don Allah ka ce su sare. Mun ci hatsin gandu shekara goma sha ɗaya ba mu mutu ba."

Fuskar ta dawo, jawur, ido na zubar da ruwa. Ba a ji Hausar Kaduna a bakinsa ba.

"Yaya, ku sare. Ku hidda ni."

Haliru da kansa ya fara kai gatari. Aka sara, aka kafta, aka yaga, soso na tashi gutsure-gutsure, wani wuri laushi wani wuri rami. Aka tarar da babur, an ciro shi sai dai bai ƙara tashi a ranar ba, a kan amalanke ya koma Safana da mai shi a gefe. Sammani sai da aka yanka babbar riga da wuƙa aka zare shi daga ciki, aka sauko da shi da singileti da wando mai ƙafa ɗaya. Duk abin da aka fitar daga zauren babu yankin da ya kai faɗin faifai.

Mai unguwa ya ce to, shi shaida ne, kuma ya shaida. Haliru ya cire rigarsa ta sama ya yafa wa ƙanensa, ya ce a ba shi ruwa. Zancen gona bai ko ɗaga ba, don ba sauran abin faɗa.

Kafin magariba tarin soson ya ɓace. Kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya iya, mata na wanke-wanke, tsofaffi na matashin kai. Wani ya cusa nasa a ƙarƙashin akumarin jakinsa, ya ga jakin ya daina gyambon baya, sai kowa ya yi haka. Kafin rani ya ƙare an san jakunan Wagini a kasuwar Batsari, su ne masu tafiya da kaya suna kaɗa kunne.

Da damina ta dawo aka shuka gero a gonar bakin rafi. Wata safiya ana noman farko, Haliru a gaba, 'ya'yansa uku a bayansa, Sammani a bayan 'ya'yan da aka raɗa wa suna a gabansa, sai ga wani baƙo a kan jaki ya tsaya a bakin gona ya yi sallama. Ya ce daga Darini yake, an ce masa a nan zai samu injiniyan da ya ƙera abin akumari, ko akwai saura.

Sammani ya miƙe, ya dafa ƙugu. Wani daɗi ya kama shi, rabon da a kira shi haka ba da dariya ba tun ranar zaure.

"Ka zo wurin da ya dace. Saura dai babu, amma baɗi in Allah ya kai mu, jaki dubu zan yi wa. Abin da nake bukata kawai 'yar gona mai ruwa kusa, kamar dai..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi gonar tun daga rafi har iyaka, ya dubi bayan yayansa da ko ɗagowa bai yi ba.

"Sammani," in ji Haliru, "an bar ka baya."

Baƙon ya ɗan jira ko za a ci gaba da magana. Da ya ga injiniya ya tofa yawu a tafin hannu ya sunkuya, sai ya yi musu Allah ya ba da yabanya, ya kaɗa jakinsa ya tafi.